Kifin gilashinka na ta mutuwa? Ga inda muke kuskure

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ado a falo ya san wannan abun, ka tashi da asuba za ka fita masallaci ka ɗan leƙa gilashin sai ka ga ɗaya ya juya ciki sama yana lilo a kan ruwa. Ni na farko da na saya jajayen nan ne, golfish, guda shida, kafin kwana goma saura biyu. Na yi ta tsine wa mai sayarwa a raina wai marasa lafiya ya haɗa ni da su, ashe ni ne da hannuna. Sai da na daɗe kafin na gane ruwan ake kiwo ba kifin ba, in ruwa ya yi daidai kifi ba shi da rigima.

Toh ruwan. Na famfo, ko na Dadin Kowa ne da ke zuwa mana nan Gombe ko na Gubi na mutanen Bauchi, an sa masa kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, mu ba ya mana komai amma kifi yana ƙona masa wajen numfashi. Kar ka tara daga famfo ka juye kai tsaye. Zuba a bokiti a buɗe ya kwana ya wuni, awa 24 aƙalla, ko ka sayi maganin kashe kilorin wajen masu kayan kifi, shi ya fi tabbas. Na borehol ba kilorin amma iska ta yi masa kaɗan, shi ma a bar shi ya sha iska. In kuma na 'yan garuwa ne to ka shinshina jarkar tukuna, wata an taɓa zuba fetur ko kalanzir a ciki.

Babban kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ranar da aka sayo gilashi ranar ake cika shi da kifi. Kifi yana kashi a ruwan da yake numfashi a ciki, kashin da ragowar abinci su suke zama amoniya, guba ce, kuma ba a ganinta, ruwa zai yi garau kamar na gora alhali yana kisa. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soson filta, wato na'urar tace ruwan, da tsakuwa, su ke mayar da amoniya ta koma naitirayit, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da ita naitiret wadda ke da sauƙi sosai. Sabon gilashi ba shi da su, sai sun yi kamar sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Shi ya sa mutuwar ta fi yawa a watan farko. Ka kunna filta ka bar gilashin ya yi makonni babu kifi a ciki, kana ɗan jefa abinci kaɗan don bakteriyar su yi yawa, ko ka fara da biyu kacal ka riƙa ƙarawa a hankali. In kana da aboki mai tsohon gilashi lafiyayye ka roƙi guntun soson filtarsa da dattinsa, wallahi ya fi maka kyautar kifi.

Daga nan sai tsafta mai yawa, nan kam uwargida ce ta yi min aika-aika da kyakkyawar niyya. Na dawo daga kasuwa na tarar ta kwashe kifin a roba, ta wanke gilashi da tsakuwa da omo tas yana ta ƙyalli, ta ce "Baban Ummi dubi yadda ya fito." Na ce sannu da aiki, me zan ce? Washegari biyu suka tafi. Sabulu ba ya shiga gilashin kifi ko kaɗan, kuma ba a canza ruwa gaba ɗaya. Duk sati ka zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, kana bin ƙasa inda datti ke taruwa, ka mayar da wanda ya kwana. Soson filta kuma a cikin ruwan da ka zuƙo za ka ɗan matse shi, in ka kai shi bakin famfo kilorin ya kashe bakteriyar, ka koma farko kenan.

Abinci. Kifi ba ya nuna ya ƙoshi, duk sanda ka matso zai taso yana buɗe baki kai kuma tausayi ya kama ka. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, shikenan. Lafiyayyen babban kifi zai yi kwana uku bai ci ba lafiya lau, amma cokali ɗaya da ya ruɓe a ƙasa zai iya gamawa da su a dare guda. Ka ɗora gwangwanin a sama inda yara ba sa kaiwa, don ni har loma ta tuwo da guntun ƙosai na taɓa tsamowa.

Sai yanayinmu. Ƙananan kifin ado irin su gofi da moli sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, golfish ya fi son wanda ya fi haka sanyi, mu kuma a Maris da Afrilu zafi na taɓa 40. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke ciki raguwa take, ga shi a lokacin ake yawan ɗauke wuta, famfon iska, wato ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, ya tsaya. In ka ga duk sun taru a sama suna haki to iska ce ta ƙare ba yunwa ba. Nemi ɗan famfon iska mai aiki da batir ko pawa bank, in babu ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama. Kar ka jefa ƙanƙara ciki kai tsaye, sauyi na farat ɗaya shi ke kada su, gara ka buɗe murfin ka sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, sanyin dare ke raunana su har ka ga farin ɗigo-ɗigo kamar gishiri a jikinsu, a lokacin hita ta gilashi tana da amfani. Bakin taga ba wajen ajiye shi ba ne, rana za ta dafa ruwan ta cika shi da gansakuka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, maganin sauro. Fiya-fiya da na feshi guba ne ga kifi, kaɗan ya isa. Kafin a fesa a kashe famfon iska don iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa, a rufe gilashin ruf da zani, sai wari ya fita a buɗe.

Ɗan kwanon gilashin nan mai zagaye kyau kawai gare shi, ruwa kaɗan saurin lalacewa yake, kuma golfish girma yake yi sosai. Amma in za ka sayi babba ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, lita 100 ta fi buhun siminti biyu in ka haɗa da gilashi da tsakuwa, ba kowane tebur ba ne zai ɗauka. Kar kuma ka haɗa ɗan tarwaɗa da ƙananan kifi don ka gan shi ƙarami, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Sabon kifi in ka kawo shi a leda ka ɗora ledar a kan ruwan kamar minti 20 zafinsu ya zo ɗaya, ka ɗan riƙa zuba ruwan gilashin a ciki, sannan ka tsamo kifin da raga, ruwan ledar kuma ka kai wa shukar ƙofar gida.