Yadda ake hana zuwa da bindiga kusa da rumfar zaɓe

Abu na farko shi ne haramcin ya samu gindin zama a doka. A 2020 sakatariyar jihar Michigan a Amurka, Jocelyn Benson, wadda ke kula da harkokin zaɓen jihar, ta ba da umarnin hana ɗaukar bindiga a fili cikin tazarar ƙafa 100 daga rumfar zaɓe. Kafin ranar zaɓe kotu ta dakatar da umarnin, saboda ba a bi matakan kafa ƙa'ida da dokar jihar ta tanada ba. Takardar da ta fito daga ofis ana saura mako biyu ko uku zaɓe ba ta jure ƙara a kotu, don haka a nemi dokar majalisa tun da wuri.

Sai maganar tazara, kuma a nan aka fi yin kuskure. Jihar Jojiya a Amurka ta sa ƙafa 150, wato kusan mita 46. Jihar Bajiniya, ita ma a Amurka, ta tsaya a ƙafa 40 a dokarta ta 2021. Kotun zaɓen Brazil ta sa mita 100 a 2022, dokar zaɓen Najeriya ta 2022 kuwa mita 300. Kowace lamba aka zaɓa, dole a fayyace daga ina ake fara awo: daga ƙofar shiga ne, ko daga bangon ginin? Idan ba a faɗa ba, mai bindiga da ɗan sanda za su tsaya suna musu a kan taku biyar. Ƙaramar tazara tana da wata matsalar: layi yakan zarce ta, sai na ƙarshen layi su tsinci kansu a wajen kariya. A auna wurin da tef tun jajibiri, a shata iyakar da fenti ko igiya, a kafa allon sanarwa a kowace mashiga da wurin ajiye motoci, domin mutum ya gani kafin ya sauko da makaminsa. Allon ya ɗauki hoton bindiga da aka soke da jan layi saboda waɗanda ba sa karatu. Gidajen da suka faɗo cikin da'irar kuma a ware su a rubuce, kada a mai da mutum mai laifi a tsakar gidansa.

Lokacin haramcin kada ya tsaya ga sa'o'in jefa ƙuri'a. Brazil ta fara nata awa 48 kafin zaɓe, ta ƙara awa 24 bayansa. Rikici yakan tashi wajen ƙirga ma, shi ya sa dokar jihar Kolorado a Amurka ta 2022 ta haɗa da cibiyoyin ƙirga da akwatunan ajiye ƙuri'a.

Waɗanda aka ɗauke wa haramcin su zama kaɗan: jami'an tsaro da ke bakin aiki a wurin. Ɗan sandan da ya zo jefa tasa ƙuri'ar ba ya ciki, haka masu tsaron manyan 'yan siyasa, waɗanda ta wajensu dokar ta fi yoyo. Su ma jami'an tsaron da ke bakin aikin gara su tsaya a bakin iyaka, don ganin bindiga kusa da akwati yana razana mai zaɓe ko a hannun wa take.

Idan wani ya iso da makami, mutum ɗaya ne zai yi masa magana, shugaban rumfa ko wanda ya wakilta. Ya nuna masa allon cikin ladabi, ya ce ya je ya ajiye ya dawo, ƙuri'arsa tana nan. Kada a taɓa shi, kada a taru a kansa, kada ma'aikacin zaɓe ya karɓi bindiga ajiya, domin ba shi da wurin kulle ta kuma ba a horar da shi cire harsashi ba. In ya ƙi, wani ma'aikacin ya kira jami'an tsaro ta lambar da aka gwada tun da safe, a rubuta lokaci da kamanninsa da abin da ya faɗa, zaɓe kuma ya ci gaba. In ya zare makamin, a dakata nan take, a fitar da mutane ta ƙofar da aka ware tun farko, sannan a rufe akwati da kundin masu zaɓe idan da halin yin hakan.