Ruwa a Ƙaramin Ido: Kurakuran da Aka Fi Yi Kafin Tiyata da Bayanta

Wasu ana haihuwarsu da ƙwayar ido ƙarama, tsawonta daga gaba zuwa baya bai kai milimita 20 ba, alhali na yawancin manya 23 ne zuwa 24. Likitoci na ce wa wannan nanoftalmos. Farin idon nan yana da kauri fiye da kima, ruwa da furotin ba sa iya ratsa shi su fita, ga shi kuma yana matse jijiyoyin da ke kwashe jini. Sai ruwa ya taru a bayan ƙwayar idon, ya ɗaga tantanin gani.

Babban kuskure shi ne a shiga aikin cire yana ba a auna tsawon idon ba. Da an buɗe irin wannan ido, matsinsa ya faɗi farat ɗaya, ruwa kan taru. Duk wanda ya taso da tabarau mai kaurin gaske, mai sa idanu su bayyana manya, ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki. Awon idon 'yan mintuna ne. Wani lokaci a zaman cire yanar ma ake buɗa wa ruwan hanya tun bai taru ba.

Akan kuma ɗauka tantanin yagewa ya yi, a ɗaura wa ido ɗamarar da ake yi wa masu yaga. Babu yaga a nan, ɗamarar ƙara matse jijiyoyin take yi. Abin da ke aiki shi ne dabarar da likitan ido Donald Gass na Amurka ya bayyana a 1983: a fefe farin ido a kusurwoyinsa, a yi masa 'yan tagogi, ruwan ya riƙa tsatsafowa. Kafin shi wani likitan ido, Brockhurst, ya gwada sassauta wa jijiyoyin kansu a 1980, amma aikin na da wuya, ga haɗarin zubar jini.

Maganin ɗigawa na kemis kuwa, musamman mai sitiroyid, ba ya rage kaurin farin ido, yana ma iya jawo hawan jinin ido, wanda dama masu ƙaramin ido ke kusa da shi.

Bayan tiyata sai haƙuri. Ruwan kan ɗauki makonni ko watanni yana janyewa, tabo kuma na iya toshe tagogin ya dawo, don haka kada a daina zuwa asibiti da zarar gani ya ɗan washe. A sa a duba ɗaya idon ma, domin galibi duka biyun ne ƙanana.