Yadda za ka yi wa mota sauye-sauye ba tare da ka rasa garantin kamfani ba

Yawancin masu sayen sabuwar mota suna fitowa daga wajen dila da fahimtar cewa da zarar wani bakanike na waje ya ɗora hannu a kanta, ko aka saka mata wani abin da ba daga kamfani ya fito ba, to garanti ya tashi gaba ɗaya. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana jawo asara ta fuska biyu, domin wani yakan haƙura da haƙƙinsa ya biya kuɗin gyaran da kamfani ne ya kamata ya biya, wani kuma yakan ce tunda garantin ya riga ya tashi bari ya yi wa motar duk abin da ya ga dama. Garanti alƙawari ne da kamfanin ƙera mota ya ɗauka cewa zai gyara duk lahanin da ya samo asali daga kayan da ya yi amfani da su ko daga aikin haɗawa. Saboda haka abin da sauyi yake cirewa daga inuwar garanti shi ne ɓangaren da aka canza, da kuma duk ɓarnar da wannan canjin ya haddasa. Sauran motar tana nan a ƙarƙashin alƙawarin.

Abu na farko shi ne ka ɗauko ɗan littafin garantin da aka ba ka tare da mota, wanda galibi yake kwance cikin leda a aljihun gaba ba a taɓa buɗe shi ba, ka karanta shi kafin ka sayi komai. Za ka tarar garantin kashi-kashi ne. A Amurka, misali, Toyota tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan kusan dukkan motar, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Hyundai da Kia suna kai garantin inji da giya har shekara 10 ko mil 100,000 ga wanda ya fara sayen motar. Akwai kuma garantin da dokar tarayya ta wajabta a kan manyan na'urorin tace hayaƙi, na shekara 8 ko mil 80,000. Sanin wannan rabe-rabe shi zai nuna maka abin da kake sakawa cikin haɗari: wanda motarsa ta rage wata biyu garantinta na jiki ya ƙare ba daidai yake da wanda injinsa ke da sauran shekara takwas ba. Ka fi mai da hankali ga shafin da ya lissafa abubuwan da garanti bai shafa ba, domin a can ne kamfani yake ɓoye ƙarfinsa.

Abu na biyu, ka san dokar wace ƙasa ce take kare ka. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda aka sa wa sunan Sanata Warren Magnuson da ɗan majalisar wakilai John Moss. Dokar ta hana kamfani ya gindaya sharaɗin cewa sai ka yi amfani da kayan gyaransa ko garejin dilansa kafin garanti ya yi aiki, sai dai idan kyauta yake ba da kayan ko aikin. Hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya, FTC, ta fayyace cewa kamfani ne zai nuna cewa kayan waje ne suka jawo lalacewar kafin ya ƙi gyarawa. Kuma hukumar ba ta tsaya a magana ba: a 2015 ta sa BMW ta gyara sharuɗɗan garantin motocin MINI da suka tilasta zuwa wajen dila, a 2018 ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi ciki har da Hyundai, sannan a 2022 ta ɗauki mataki a kan Harley-Davidson mai ƙera babura. A Tarayyar Turai ma ƙa'idar gasa mai lamba 461/2010, wadda aka tsawaita zuwa 2028, ta ba mai mota damar yin sabis a garejin da yake so, muddin an bi jadawalin kamfani kuma an saka kaya masu ingancin da ya dace.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi ya lura da cewa waɗannan dokoki ba sa biyo mota su ƙetare teku. Garantin mota galibi na yankin da aka sayar da ita ne, kuma motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas mafi yawansu wa'adinsu ya wuce, wasu kuma an sayo su ne a gwanjon motocin da kamfanin inshora ya ayyana sun lalace, waɗanda kamfanonin ƙera mota sukan soke garantinsu tun daga can. Wanda maganar ta shafa a nan shi ne wanda ya sayi sabuwa dal daga hannun dilan da kamfani ya amince da shi. A Najeriya akwai dokar gasa da kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi, amma abin da zai fi yi maka aiki ranar gardama shi ne rubutun da ke cikin takardar garantin da ka sa wa hannu.

Daga nan sai ka auna sauyin da kake son yi. Canza kujeru, shimfiɗar ƙasa, fenti ko duhun gilashi ba su cika jawo matsala ba, iyakaci idan fentin da aka ƙara ya ɓare kamfani ba zai karɓa ba. Haka ma juyen baƙin mai, canza filta ko birki a garejin waje, matuƙar man da aka zuba irin wanda littafin mota ya ambata ne.

Aikin wayarin ya fi yadda mutane suke ɗauka haɗari. Motar zamani tana da ƙananan kwamfutoci da yawa da ke magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe wuri guda, kuma idan mai saka na'urar bibiya ko manyan lasifika ya fere waya da reza, ya ɗaura tasa a kai, ya naɗe da baƙin salatif, ya tura ƙarƙashin sitiyari, to ya bar shaidar da bakaniken dila zai gani cikin minti kaɗan. Bayan wata shida batir ya fara mutuwa da dare, ko fitilun gargaɗi su riƙa kamawa haka kawai, kuma babu wanda zai biya sai kai. Ka nemi a yi amfani da soket da ke shiga na asali ba tare da yanka ba, a kuma saka wa sabuwar na'urar fiyus nata daban. Ɗaga mota da saka manyan taya su ma suna ƙara wa boris, shokozoba da sandunan da ke kai ƙarfi zuwa taya nauyin da ba a tsara su da shi ba, har ma suna sa agogon gudu ya faɗi ƙasa da gaskiya. Idan boris ya yi kuka bayan haka, hujjar dila tana da ƙarfi. Idan kuwa injin ɗaga gilashi ne ya tsaya, ba shi da abin cewa.

Sauyin da ya fi kowanne cin garanti shi ne canza manhajar kwamfutar inji domin ƙara ƙarfi. Dalili kuwa shi ne wannan manhaja ita ke ƙayyade yawan man da ake fesawa, lokacin da fulogi ke ba da wuta, da matsin iskar tabo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), don haka kusan duk abin da ya lalace a inji ko giya ana iya jingina shi gare ta, kuma jinginar tana da tushe. Masu wannan sana'a sukan ce ai ana iya mayar da manhajar asali kafin a kai mota wajen dila. Kada ka dogara da wannan. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta su, suna kuma ajiye mafi girman matsi da gudun da inji ya taɓa kaiwa, kuma a motocin Volkswagen da Audi akwai alamar TD1 da ake liƙa wa lambar shasi a rumbun bayanan kamfani idan aka gano sauyi, wadda duk dilan da ka je zai gani. Ban da haka, ɓoye sauyi domin karɓar gyara kyauta yaudara ce, kuma ba na ba kowa shawarar yin ta. Cire abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda kanikawanmu ke kira indomi, shi ma yana soke garantin ɓangaren hayaƙi nan take, a Amurka kuma saɓa doka ne.

Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG shi ne sauyin da ya fi shafar mutanenmu tun bayan cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Aikin ya ƙunshi huda bututun shigar iska domin saka sabbin alluran fesa gas, shiga wayoyin inji, da ɗora tukunya mai nauyi da ke riƙe matsin gas kusan 200 a ma'aunin bar a bayan mota. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bakin bawul kamar yadda fetur ke yi, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera motar gas tun daga masana'anta, irin su Maruti Suzuki a Indiya, suke tsara injin musamman domin haka. Rahusar gas gaskiya ce, kuma ga mai tsohuwar mota babu garantin da zai rasa. Amma mai sabuwa ya ɗauka cewa garantin injinsa yana cikin haɗari har sai dila ya tabbatar masa da akasin haka a rubuce, tare da sunan cibiyar da ya amince ta yi aikin.

Wannan tabbaci a rubuce shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Kafin ka biya kuɗin kowane sauyi, ka aika wa sashen sabis na dila saƙon imel mai ɗauke da lambar shasi, sunan kayan da kamfanin da ya yi su, ka tambaya wane ɓangare ne zai fita daga garanti. Abin da mai sayarwa ya faɗa maka da baki yana dariya ba zai zama hujja ba ranar da injin ya buga. Ka tambaya ko kamfanin yana da nasa kayan ƙari, kamar TRD na Toyota, Mopar na Jeep da Dodge, ko Ford Performance, domin idan dila ne ya saka su galibi suna zuwa da garantinsu, ko da yake wasu daga ciki na filin tsere ne kawai kuma an rubuta haka a jikinsu. Ka nemi wanda zai yi maka aikin ya ba ka nasa garantin a takarda. Ka adana kayan asalin da aka cire, ka ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa, kuma kowane rasit ya nuna kwanan wata, adadin kilomita, da irin man da aka zuba, saboda rashin shaidar sabis yana kashe ƙorafi fiye da sauyin kansa.

Idan duk da haka aka ƙi yi maka gyara, kada ka tsaya musu a bakin gareji. Ka buƙaci a rubuta maka dalilin ƙin, a bayyana yadda kayan da ka saka suka lalata abin da ya lalace, a kuma ba ka ko a nuna maka ɓangaren da ya mutu. Ka kai shi wurin ƙwararren bakanike mai zaman kansa ya rubuta nasa ra'ayin, sannan ka tura duka takardun ga ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin ƙera motar, domin dila wakili ne kawai, kamfani ne ke biyan kuɗin gyaran garanti kuma shi ke da magana ta ƙarshe. Idan can ma ba a dace ba, sai hukumar kare masu saye ko kotu. Ya kamata ka sani cewa ko a Amurka, inda doka ta ɗora wa kamfani nauyin kawo hujja, a aikace motarka ce take zaune a gareji yayin da ake jayayya, don haka mai cikakkun takardu shi ke saurin fita. Gyaran da kamfani ke kiran motoci a dawo da su saboda lahanin da ya shafi lafiyar mutane, kamar na jakunkunan iska na Takata, daban yake da garanti, kuma sauyin da bai taɓa wannan ɓangaren ba ba ya hana a yi maka shi. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka duk wani babban sauyi, musamman tukunyar gas, domin shi ma yana iya ƙin biya idan haɗari ya faru ya tarar da abin da ba a gaya masa ba.