Kurakuran da ke kashe ƙananan tsuntsayen keji a gidajen Kano

Da yawa daga masu fara kiwon finci, wato ƙananan tsuntsayen nan masu cin ƙwayar hatsi, a Kano sun taɓa riƙe tattabaru ko kaji, kuma daga nan ne matsalar take farawa. Tattabara tana iya wuni ba ta ci ba, gobe ta tashi garau. Finci kuwa, musamman zebra mai jan bakin nan da asalinsa daga Ostireliya yake, da kyar nauyinsa yake haura giram 15. Jikinsa ba ya ajiye abin kirki don gobe. Yunwar yini guda tana galabaitar da shi, ta kwana biyu tana iya kashe shi. Abin da kaza za ta shanye ta wuce, shi ba zai kai labari ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na mazubin abinci, domin mai tsuntsun ba da mugunta yake yi ba. Finci ba ya haɗiye ƙwayar hatsi yadda tattabara take yi. Ɓare ta yake yi da baki, ya ci cikin, ya bar ɓawon a nan cikin mazubin. Bayan kwana biyu sai ka leƙa ka ga mazubi cike taf, ka ce ai da saura, alhali ƙaiƙayi ne zalla a sama, wani lokacin har ƙasa. Tsuntsu ya mutu da yunwa a gaban kwano cike. Gyaran ba shi da wuya: kowace safiya ka fito da mazubin waje, ka hura shi a hankali, ɓawon zai tashi, sai ka ga ainihin abin da ya rage ka ƙara. Idan yaro ne ke kula da kejin, ka nuna masa wannan da hannunka tun ranar farko.

Sai inda hatsin ya fito. Gero da acca su ne daidai bakinsu, kuma Allah ya hore mana su, daga Dawanau har ƙananan kasuwannin unguwa. Dawa da masara sun yi musu girma. Amma ka tambayi mai awo ko an sa wa hatsin maganin ƙwari, domin ɗan abin da ya rage a jikin ƙwaya yana isa ya kwantar da tsuntsu mai wannan ƙanƙanta. Ka shinshina kafin ka biya. Wanda yake warin magani, ko warin rima, ko ya yi fumfuna, ka bar shi ko da araha ne. Da damina ka riƙa sayen kaɗan-kaɗan kana ajiyewa a roba mai murfi. Idan ka samu zangarniyar gero lokacin kaka, ka rataya musu ita a keji, suna son tsinka da kansu.

Gero kaɗai kuma ba abinci ba ne. Tsuntsun da aka tsare a kan gero zalla zai rayu, amma gashinsa zai dushe, macen kuma za ta wahala wajen ƙwai. A ba su latas, ganyen zogale, ɗan alayyahu ko gurzajjen karas, bayan an wanke su sosai. Sau biyu a mako a dafa ƙwai ya dahu tikis, a marmasa, a zuba musu kaɗan, a ƙara yawan ranakun idan suna ciyar da 'ya'ya ko suna sauya gashi. A zafin Kano kada ƙwan ya wuce awa biyu zuwa uku a keji. Ɓawon ƙwan ma kada a zubar: a tafasa, a shanya, a daka, a ajiye musu a ɗan mazubi na daban. Shi ne yake ƙarfafa ɓawon ƙwan macen, rashinsa kuma yana sa ƙwai ya maƙale mata, ka tarar da ita a ƙasan keji ta kumbura tana nishi. Sauran tuwo da miya, abu mai gishiri, da fiya, babu su a lissafi. Fiya ma guba ce ga tsuntsaye.

Ruwa a canza kullum, da bazara sau biyu, kuma ya zama irin wanda kai ma za ka sha. A sa musu faranti marar zurfi su yi wanka.

Batun keji, mutane suna bin kyau ne. Dogon kejin nan mai kan tulluwa yana ƙawata falo, amma finci ba hawa yake yi ba kamar aku. Tashi yake daga wannan gefe zuwa wancan. Abin nema shi ne tsawo a kwance, aƙalla santimita 75 ga tsuntsaye biyu, tazarar waya kuma kada ta wuce kimanin santimita 1, don kada ya cusa kai ya maƙale. Sanda biyu sun isa, ɗaya a kowane ƙarshe, a bar tsakiya fili. Kada a ɗora sanda a saman abinci ko ruwa, kashi zai riƙa zuba a ciki. Kuma kada ka sayi guda ɗaya tilo, tsuntsun garke ne. Namijin zebra ana gane shi da tabon ruwan lemo a kumatu, macen ba ta da shi.

Inda aka rataya kejin ya fi kejin kansa kashe tsuntsaye a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, amma sai ka ga keji a ƙarƙashin rumfar kwano ko a inda ranar azahar take dukansa. Idan ka ga tsuntsu ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai, to ya kai maƙura. A mayar da shi inuwa mai iska nan take. Hantsi yana yi musu amfani, muddin wani ɓangare na kejin yana cikin inuwa. Da hunturu kuma a shigar da su ciki da dare, a rufe gefe uku da zane saboda iska da ƙura.

Cikin ɗakin ma akwai nasa haɗarin, wanda 'yan kiwo ba su cika kawowa a rai ba. Numfashin tsuntsu yana zuƙar abin da ke cikin iska fiye da namu nesa ba kusa ba. Turaren wutar da Hajiya take sawa a kasko, maganin sauro na kunnawa, na fesawa, fiya-fiya, hayaƙin gawayi da na janareto, duk suna iya kashe su a dare ɗaya. Ba cewa ake a daina turare a gida ba. A samar wa kejin wurin da hayaƙi ba ya kaiwa, kuma a sanar da kowa a gidan. Idan an fesa magani a ɗaki, kada keji ya koma sai an buɗe tagogi warin ya fita gaba ɗaya.

Mage, ɓera da cinnaka suna zuwa ne da dare. A rataya keji sama nesa da katanga, a share hatsin da ya zube.

Akwai kuma gaggawar son ganin 'ya'ya. Zebra da ya ga sheƙa zai fara shiri, macen ta yi ƙwai 4 zuwa 6, su ƙyanƙyashe cikin kimanin mako biyu, 'ya'yan su fito daga sheƙa bayan mako uku. Idan aka bar sheƙar, haka za ta yi ta jerawa har ta ƙare. Bayan zubi biyu a cire sheƙar ta huta. Kayan sheƙa kuma busasshiyar ciyawa mai laushi za a ba su. Zare da auduga da zaren buhu suna naɗe yatsun 'ya'ya har su tsinke.

Sabon tsuntsu, komai kyansa, a ware shi a kejinsa na wata guda kafin a haɗa shi da na gida. Waɗanda yara suke kamowa da tarko a bayan gari kuwa, gara a bar su a dajinsu. Da yawa ba sa jure keji, kuma suna iya shigo da cuta. Finci yana ɓoye ciwo, saboda haka in ka ga ya kumbura gashi da rana tsaka, yana barci a ƙasan keji, ko gindinsa ya ɓaci da kashi, abin ya yi nisa. Ka ware shi a wuri mai ɗumi, abinci da ruwa kusa da bakinsa, ka kai shi ga likitan dabbobi a ranar. Kada ka zuba masa maganin kaji da ka, awon da aka yi don kaza ya fi ƙarfin tsuntsun da bai kai nauyin ƙwanta ba.