Shawara ga masu son wuƙa: kar a bar ta ta kwana a kube da danshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda Babbar Sallah ta matso, ga abin da na koya bayan na yi asara.

Ina da wuƙar yanka ta maƙera, ƙotarta baƙar ice, kubenta jan fata da dukawa suka yi wa zane. Kyanta ya sa nake ji da ita. Bara bayan fiɗa na ɗauraye ta, na mayar da ita kube ba ta gama bushewa ba. Bayan wata biyu na zaro ta, tsatsa ta cinye bakinta kamar an yayyafa mata jar ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Fata tana riƙe danshi, baƙin ƙarfe kuwa ba ya jure masa. Don haka a goge wuƙa tas, a shafa mata ɗan mai, a naɗe a tsumma, kuben a ajiye shi daban.

Ta aljihu kuma, ni Opinel lamba 8 nake riƙewa, 'yar Faransa da ake ƙerawa tun 1890. Ba ta da ado, amma siffarta tana burge ni, kuma kuɗinta bai kai aikinta ba. Idan an yanka lemon tsami ko albasa da mai baƙin ƙarfe, za ta yi duhu-duhu. Wannan ba tsatsa ba ce, a bar shi. Sai dai kar a jiƙa ƙotarta, icen yana kumbura har ta ƙi buɗuwa.