Yadda Ake Naɗar Tarihin Rayuwar Dattawan Unguwa

Tarihin sarakuna da manyan malamai a rubuce yake. Na ungozoma da ɗan dako da tsohon direban tasha kuwa, yakan bi mai shi kabari, alhali su ne suka san yadda unguwa ta zama unguwa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗa mata. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu bincike na kafa hujja da shi kan aure, ƙawance da bauta a ƙasar Hausa. Yanzu wayar aljihunka ta isa wannan aiki.

Fara da zaɓen wanda zai yi tambayar, don nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. A Amurka, shirin StoryCorps da Dave Isay ya kafa a 2003 yana haɗa mutum biyu da suka san juna su yi hira ta minti 40, a ajiye kwafi a Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar. Dabarar mai kyau ce, amma a wurinmu sai an lura da kunya. Uwa ba za ta saki baki gaban ɗan farinta ba, suruki kuwa ba a ma maganarsa. Jika shi ne maganin abin. Tsohuwar da ke kiran jikanta "angona", ko ta kira jikarta "kishiya", za ta ba su labarin da ba za ta taɓa ba 'ya'yanta ba. Matan da ke cikin gida, mace za a tura musu.

Sai neman izini. A je a gaida dattijo tun kafin ranar, a faɗa masa abin da za a yi da muryarsa da waɗanda za su ji ta. Idan aikin na unguwa ne gaba ɗaya, a sanar da mai unguwa da liman. Ranar ɗauka, a fara da sunansa da kwanan wata da wurin, shi kuma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda.

Kayan aiki ba su da yawa. A cika caji, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a ɗora ta kan matashi kamar kamu ɗaya daga bakinsa. A kashe fanka, a nisanci janareta da injin markaɗe. Hantsi ya fi daɗi, ko bayan la'asar.

Wajen tambaya, kada ka ce "Baba, a wace shekara aka haife ka?" Yawancinsu ba da lamba suke riƙe zamani ba, da abin da ya faru suke riƙe shi. Ka ce, "Baba, kana ina aka kashe Sardauna?" Ka san 1966 ke nan. Komawa tuƙin hannun dama 1972 ne, fitowar naira 1973, shirin ilimin firamare kyauta (UPE) na Obasanjo 1976, rikicin Maitatsine a Kano ƙarshen 1980. A Nijar kuma juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 ne ma'auni. Idan Iya ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka canza kuɗi, sai ka tambaya wanne, na Gowon ko na Buhari a 1984. Daga nan ka gangaro kan ƙananan abubuwa: nawa ake sayar da tiyar gero, wa ya koya masa sana'a, ina rijiyar da ake ɗiba, me ke wurin kafin a gina masallacin nan. In ya yi shiru, kai ma yi shiru, sau da yawa bayan shirun ne maganar gaske ke fitowa. Kada ka yi masa gyara ko da ka ga ya rikita shekaru. Sa'a ɗaya ta isa zama guda.

Akwai maganganun da ke iya tada husuma, kamar asalin bauta, iyakar gona, rabon gado da sakin aure. In sun fito, a kunna masa daga baya ya ji, ya zaɓi abin da za a fitar da abin da zai tsaya a gida.

Ajiya kuma a yi ta wuri uku: kwamfuta, katin memori, da intanet. Sunan fayil ya ƙunshi suna da kwanan wata. Iyalin mai labari su fara samun kwafi kafin kowa.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne mayar wa jama'a abinsu. A sa rana, a shimfiɗa tabarmi a zaure ko harabar Islamiyya, a haɗa waya da lasifika, a kunna minti 10 daga kowace hira. Matasa su zauna kusa da masu labarin, a bar tsofaffi su yi ta musu da juna kan wa ya riga wa zuwa unguwar. Wannan musun ma a naɗe shi, sannan kafin a watse a rubuta sunayen waɗanda za a ziyarta a zagaye na gaba, a fara da mafi tsufa.