Yadda ake buga bocce a tsakar gida

Bocce wasan mutanen Italiya ne, kuma asalinsa yana komawa ga zamanin daular Rum. Ya taɓa shiga ran jama'a har hukumar birnin Venis ta haramta shi a 1576, amma bai mutu ba. Italiyawan da suka yi ƙaura ne suka kai shi Amurka da Ajantina da Ostiraliya. Wanda ya saba ganin pétanque da ake bugawa da ƙwallayen ƙarfe a Nijar ya riga ya san rabin wasan, sai dai ƙwallon bocce ya fi girma, kuma yawanci mirgina shi ake yi a ƙasa.

Kayan wasan manyan ƙwallaye 8 ne, launi biyu, kowane ɓangare da 4, sai ƙarami guda da ake kira pallino, wanda kowane ɓangare ke ƙoƙarin ajiye ƙwallayensa kusa da shi. Babban ƙwallo na gaske faɗinsa milimita 107 ne, nauyinsa kusan giram 920. Kada araha ta ja ka ga na roba marasa nauyi, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta karkatar da su. Ka tanadi tef ɗin awo, ko igiya idan babu.

Filin gasa ya haura mita 26, amma a gida mita 18 a tsawo da uku da rabi a faɗi sun wadatar. A share, a daddaɓe ƙasar ta yi tauri, a watsa rairayi kaɗan a kai. Rairayi mai yawa shanye ƙwallo yake yi. A ja layi a tsakiya, da layin jifa a kowane ƙarshe. Katakon gefe yana da amfani, amma yana cin kuɗi, ana iya farawa ba shi.

A yi ƙuri'a. Wanda ya ci shi ke jefa pallino, kuma dole ya wuce layin tsakiya ba tare da ya fita fili ba. Idan ya kasa, ɗaya ɓangaren ya jefa. Sannan ɓangaren farko ya mirgina ƙwallonsa ɗaya.

A nan sababbin shiga ke ɓata wasan. Sai ka ga suna yin karɓa-karɓa, kai ɗaya ni ɗaya, har ƙwallaye su ƙare. Ba haka dokar take ba. Bayan kowane jifa, a duba ƙwallon wa ya fi kusa da pallino. Mai wannan ƙwallon ya ja gefe ya tsaya, ɗaya ɓangaren kuwa ya ci gaba da jifa har sai ya fi shi kusa, ko ƙwallayensa su ƙare. A ce masu jajayen ƙwallaye sun ajiye nasu na farko taku ɗaya daga pallino. Masu kore suka jefa na farko ya zarce, na biyu ya gaza, na uku ya tsaya a tafin hannu ɗaya daga pallino. Yanzu ne jifa ya koma kan masu ja, suna riƙe da uku, masu kore na da ɗaya tak. Duk daɗin bocce a nan yake, domin ƙwallo ɗaya da aka ajiye da kyau yana tilasta wa abokin hamayya ya zubar da nasa. Idan ido ya kasa raba gardama, a auna nan take, daga jikin pallino zuwa jikin ƙwallo, kada a taɓa ko ɗaya.

Jifa ta ƙasan hannu ake yi. Ka durƙusa kaɗan, ka saki ƙwallon dab da ƙasa, ƙafarka a bayan layi. Ƙarfi ne ke cutar masu koyo. Ƙwallon da ya tsaya a gaban pallino ya tare hanya, wanda ya zarce kuwa ba ya hana kowa komai, don haka gara ka gaza da ka wuce. Mirginawa a hankali ita ce punto. Raffa jifa ne mai ƙarfi don fitar da ƙwallon wani, volo kuma ta sama yake zuwa. Mai koyo ya bar volo tukuna, musamman inda yara ke kai-komo. An yarda a buge pallino ya matsa, amma idan ya fita fili a sake zagayen.

Ɓangare ɗaya ne kawai ke samun maki a zagaye, wato bayan an gama jefa ƙwallayen. A nemo ƙwallon abokan hamayya mafi kusa, duk ƙwallonku da ya fi shi kusa maki ɗaya ne, don haka ba a wuce 4. Idan mafi kusa na ɓangarorin biyu sun yi daidai, ba wanda ya ci. Wanda ya ci zagaye shi ke jefa pallino daga ɗaya ƙarshen filin. Galibi a maki 12 ake tsayawa, amma a daidaita adadin tun kafin jifan farko.